Baba Ya Ce To

Shafi na 19

Masu cika min akwatin saƙo da "Mama a ƙaro", ga shi nan. Amma wanda ya zo neman wadda zai goya wa baya a cikin matan nan biyu, gara ya nemi kujera, tsayuwar za ta yi masa tsawo.

Auta na cikin juya Baba ta ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Ba ta ɗaga labule ba. Mutum ɗaya ce a danginsu ke rufe ƙofar mota kamar mai yanke hukunci.

Juya mutumin da rabin jikinsa ya mutu dabara yake so, ba ƙarfi kaɗai ba. Ta lanƙwasa gwiwar mai rai, ta ɗora mataccen hannun a kan ƙirjinsa don kada ya danne shi, ta sa kafaɗa ta tura. Ta cusa matashi a bayansa. Ta duba ƙugunsa inda fata ta fara ja, ta lakato mai ta shafa.

"Haka ya yi, Baba?"

"To."

Tun ranar da shanyewar ɓarin jiki ta kayar da shi a banɗaki, kalmar da ta rage masa ke nan. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da kimiyya, wanda ɗalibai suka laƙaba wa Ina-Hujja saboda ba a gama magana a gabansa bai jefo tambayar ba. Likita ya ce yana ji, yana ganewa, ƙofar fitar ce ta toshe.

Ga baƙo, to ɗin Baba ɗaya ne. Ga Auta, wadda ta ajiye aikinta na kantin tabarau ta dawo jinyarsa, ba haka ba ne. Akwai gajere, mai faɗowa kamar an ajiye cokali, shi ne na'am. Akwai wanda yake ja har numfashinsa ya ƙare, wannan kuwa "ƙyale ni" ne, "ba na so" ne, wani lokaci ma zagi ne. Akwai kuma wasu a tsakani da ita kaɗai ta san kansu.

Ranar Lahadin da ta wuce, Yaya, babbar 'yar Baba kuma shugabar ƙungiyar bishara ta majami'arsu, ta tsaya gaban ikilisiya lokacin ba da shaida ta sa aka haska bidiyo a bango. Ga Baba kwance, baki a karkace. Ga muryarta tana tambayarsa ko ya karɓi Yesu ya zama Mai Cetonsa. Baba ya amsa da kalmarsa. Majami'a ta ɗauki tafi, wasu har da kuka. Auta ba ta wurin, domin ba wanda zai zauna da shi. A waya aka turo mata, tare da "muna taya ku murna."

Ta kalla, ta kife wayar, ta tafi wankin tsumma.

Turaren Yaya ya riga ta shigowa ɗakin.

"Salama a gidan nan."

"Salama, Yaya. Sannu da zuwa, Fasto."

Fasto ya tsaya a bakin ƙofa da 'yar jaka a hannu, ya kasa shigowa gaba ɗaya. Shi ma ya taɓa zama a ajin Baba. Furfura ta fara fito masa, amma da ya ga tsohon sai kafaɗunsa suka sauka kamar wanda bai yi aikin gida ba.

"Malam, barka da hantsi. Ya jiki?"

"To."

"Ka ji ko?" in ji Yaya. "Har gaisuwa yake amsawa yanzu."

Ta ajiye leda a kan kujera, ta zaro hankici ta kai hanci kamar mai share gumi.

"Auta, buɗe tagar nan. Ki cire masa wannan tsohuwar singiletin, ga farar riga na ɗinko masa. Wancan abin kuma," ta nuna fo ɗin da ke ƙarƙashin gado da ƙafarta, "ki kawar da shi, zai fito a hoto."

Ta fara kafa wayarta a kan 'yar sanda mai ƙafa uku, tana auna fuskar Baba.

"Me za a yi?" in ji Auta.

"Kina tambaya kamar baƙuwa. Baftisma. Tunda ba zai iya zuwa wurin ruwa ba, Fasto ya ce ruwa zai zo wurinsa."

"Wa ya nema?"

"Shi."

"Da wane baki?"

"Da wanda Allah ya bar masa."

Auta ta goge man da ke hannunta a jikin zani, a hankali, yatsa bayan yatsa.

"Fasto, ka ga bidiyon nan?"

"Na gani, 'yar'uwa. Duk mun gani. Ni kaina sai da na yi hawaye."

"Yaya, kunna mana shi."

"Ai ko sau ɗari."

Yaya ta zare wayar ta kunna. Muryarta ta cika ɗakin, mai zaƙi, irin wadda take ajiyewa don marasa lafiya da manyan baƙi. Sai muryar Baba ta biyo.

*To-to. To-to.*

"Kin ji yadda yake maimaitawa?" in ji Yaya. "Ɗoki ne. Ruhu ne ya taɓa shi."

"Fo yake nema."

Fasto ya juyo ya kalli Auta.

"Idan ya jera su haka da sauri, cikinsa ne ya murɗa," Auta ta ce, idonta a kan Fasto. "Na fita sayo magani na bar shi da ita. Ta tsaya a kansa da waya tana masa wa'azi, shi kuma yana roƙon ta fo. Kafin in dawo ta tafi. Ni na wanke shi. Na wanke zanin gadon, na shanya robar katifa. Abin da ikilisiya ta tafa wa ke nan ranar Lahadi."

Fasto ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Da wata ce, da tuni ta so ƙasa ta tsage ta shige. Yaya kuwa mayar da wayar ta yi kan sandarta, ta gyara zama, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Kin gama?"

"Ban fara ba."

"To bari in tambaye ki, malamar fassara. Wa ya rubuta ƙamus ɗin? To gajere, to dogo, to mai jela. Ke kaɗai ke da mabuɗi. Ran nan kin ce Baba ba ya son baƙi. Kafin nan kin ce ba ya son addu'a da ƙarfi. Na kawo masa rediyon wa'azi, kin ce ya ce a kashe. Wa ya sani ko Baba ne ba ya so, ko ke ce?"

Wannan ta shige ta, domin akwai ƙanshin gaskiya a ciki. Mai jinyar da ta daɗe takan manta inda bakinta ya ƙare na majinyaci ya fara. An ce shiru ma magana ce. Wanda ya fara faɗin haka yana da bakin da zai gyara idan an yi masa mummunar fassara.

"Ni dai na san abin da na wanke," in ji Auta.

"Ni kuma na san abin da aka umarce ni. An ce mu faɗa wa kowa, ba a ce idan mun ga dama ba, ba a ce ban da iyayenmu ba. Idan gida ya kama da wuta ba ka tsayawa neman izinin na ciki. Janyo shi kake yi, ko da ƙafa ne."

"Kin taɓa ɗaga ƙafar tasa kin ji nauyinta?"

"Ke kina wanke jikin da tsutsa za ta ci. Ni abin da ba ya ruɓa nake nema masa."

"Shi ya sa naki aikin ba ya wari."

"'Yan'uwa," in ji Fasto a hankali, "Malam yana jin mu."

Ko kallonsa ba su yi ba.

"Ranar da aka binne Mama," Auta ta ci gaba, "kika tsaya a gaban jama'a kika ce masa idan bai tuba ba, kallon ƙarshe ke nan ya yi mata, a nan da can. Mutumin da kowace Lahadi sai ya kai ta ƙofar majami'a, ya zauna a mota da jaridarsa har a tashi. Bai taɓa shiga ba, bai kuma taɓa sa ta makara ba."

"Ƙarya na faɗa?"

"Ban ce ƙarya ba. Na ce a bakin kabari."

"Ina ya fi bakin kabari dacewa da wannan maganar? Wurin biki?"

Fasto ya sauya wa jakarsa hannu.

"Shugaba, wataƙila mu ɗan jinkirta. Tunda akwai shakka. Baftisma ba ta gudu."

"Rai yana gudu, Fasto. Likita ya ce faɗuwa ta biyu idan ta zo ba ta sallama. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ko kana so in tsaya ranar Lahadi in ce wa ikilisiya mun zo da ruwa har bakin gado, ƙanwata ta yi tari muka koma?"

Fasto ya kalli jakarsa. Mutum ne mai kirki, irin kirkin da ke jiran ya ga inda iska ta nufa.

Yaya ta juyo ta ƙare wa Auta kallo daga ɗankwali har silifa. Sai ta yi murmushi, ta rage murya.

"Tunda yau ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi. Fasto, ka san dalilin da ya sa take tare ƙofar nan?"

Auta ta ɗago. Ta san inda aka nufa tun kafin a ɗaga ƙafa.

"Yaya."

"Na'am?"

"A cinyarki na faɗa miki. A barandar asibiti. Kin ce ya mutu a nan."

"Ai a gaban bawan Allah nake faɗa, ba a kasuwa ba."

An ce naka sai naka. Ba a ƙarasa cewa shi ya san inda wuƙa ta fi shiga.

"Kwanaki kaɗan kafin ya faɗi," in ji Yaya, "suna shan shayi da safe, su biyu. Baba ya ajiye kofi ya ce mata, ke da kika yi karatu, kika san ba a yarda da abu sai da hujja, me kika gani a majami'ar nan da har yanzu kike zuwa? Ya ce, ba gardama nake nema ba, faɗa min kawai. Baba fa. Ina-Hujja da kansa. Ka san abin da ta ce masa?"

Fasto ya ɗago.

"Faɗa masa, Auta. Ko in faɗa?"

Auta ta kawar da kai.

"Ta yi dariya. Ta ce, kai Baba, da safen nan? Zan makara, sai na dawo. Ta ɗauki jakarta ta tafi auna wa mutane ido. Ta dawo, ba ta tayar da maganar ba. Washegari ma haka. Har ya faɗi."

Gaskiya ne, ko wasali ba a ƙara ba. Abin da Yaya ba ta faɗa ba, domin ba ta sani ba, shi ne ba makara Auta ta ji tsoro ba. Tsoro ta ji ta buɗe baki abin da ta riƙe tun tana yarinya ya fito, ya tsaya tsirara a gaban mahaifinta, ya kalle shi ta saman tabarau ya ce ina hujja. Ta ce bari ta shirya amsa tukuna. Tana nan tana shiri aka kira ta daga wurin aiki.

"Shekara da shekaru ina ƙwanƙwasa ƙofar nan," in ji Yaya, muryarta ta fara rawa, kuma wannan rawar ba ta majami'a ba ce. "Littattafan da na kawo masa, da su yake tokare ƙafar tebur. Ya kira ni mai tallar sama a gaban mijina. Na haƙura, na dawo. Rana ɗaya ƙofar ta buɗe da kanta. Ba ni ta buɗe wa ba. 'Yar lele ta buɗe wa. Ita kuma za ta makara."

"Ya isa."

"Idan ya tafi a haka, jininsa a wuyan wa? Ka ga wankin nan da take yi ba dare ba rana, kowa na cewa Allah ya yi mata albarka? Ba shi take wankewa ba, Fasto. Hannunta take wankewa. Kuma ba ya fita. Shi ya sa ba ta so ya shiga ta hannuna. Gara ya ɓata da a ce ni na kawo shi."

Wani abu ya tsinke a ƙirjin Auta, ba da ƙara ba. Sai ta ji sanyi ya sauko mata har tafin ƙafa, kanta ya washe tas.

Ta ja kujerar da ke gefen gado ta ture ta. Ta tsaya a kan mahaifinta.

"Fasto, shakka kake yi ko? A gidan Ina-Hujja kake. Bari a ba ka hujja."

"'Yar'uwa…"

"Baba," ta ce, da muryar da ba ta taɓa yi masa magana da ita ba, "kai mace ce?"

Idon Baba ya zo kanta. Ya ɗan yi jim, kamar yana neman inda wasan yake.

"To."

"Ka ji, Fasto? Mace ce. Baba, sunanka Jaki?"

"To…"

"Baba, kai ɓarawo ne? Kai ka sace kayan ɗakin gwaji na makaranta?"

"Tooo."

Dogon ne. Wanda yake ja. Fasto bai san bambanci ba, Yaya ma ba ta sani ba. Mutum ɗaya ce a duniya ta san cewa tsohon nan roƙo yake yi a ƙyale shi, kuma ita ce ke tambayar.

Ta ji shi sarai. Ta ci gaba.

"Ya amsa laifinsa, a kira 'yan sanda. Baba, ka yarda duniya a kan ƙahon bijimi take?"

"Tooo."

"Malamin kimiyya ke nan. Baba, kai ka kashe Mama da baƙin ciki?"

"Auta," in ji Fasto. Ya manta da 'yar'uwa.

"Tooooo."

Hannunsa mai rai ya damƙe zanin gado. Jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Saura ɗaya, Fasto, sai ka zuba ruwanka. Baba." Ta sunkuya har tana jin numfashinsa a fuskarta. "Gara ka mutu mu huta, ko?"

Bakinsa ya buɗe. Ya yi ƙoƙarin rufe shi, ta ga yana ƙoƙari, ta ga leɓen yana kokawa da kalmar kamar mai danne amai. Amma ita kaɗai ce hanyar da ta rage, duk abin da ya taso daga ciki ta nan zai bi.

"Tooo…"

Hawaye ya gangaro daga idonsa ya bi gefen fuska ya shige kunne.

Auta ta miƙe tana haki kamar wadda ta yi gudu.

"Ga tubabbenku nan. Duk abin da aka tambaye shi ya yarda."

Fankar sama na juyawa tana ƙyas-ƙyas. Fasto ya rufe bakinsa da hannu. Yaya ta miƙa yatsa ta ɗan gyara wayar da ke kan sanda. Jan ɗigo na ƙiftawa a kusurwarta. Tun ɗazu take ɗauka.

"Ni dai ban taɓa kiran mahaifina jaki ba," in ji Yaya.

A nan ne suka ji wani sauti daga gadon.

Ba to ba ne.

Baba ya cije leɓen ƙasa da haƙoransa na sama, iska na fita ta gefe. Fuskarsa ta yi jawur. Gumi ya tsattsafo a goshinsa.

"F… fff…"

Yaya ta zabura ta miƙe.

"Fasto yake kira. Fasto, matso, kai yake kira."

Auta ba ta yi tunani ba. Jikinta ne ya yi abin da ya saba. Ta durƙusa ta janyo fo daga ƙarƙashin gado, ta miƙe da shi a hannu.

"Ga shi, Baba. Ga shi, yi haƙuri, bari su ba mu wuri."

"Fff… fi…"

Hannun hagun ya saki zanin gado. Ya tashi a hankali, yatsan da ya yi shekaru yana nuna allo ya miƙe. Ya bi ta kan Fasto, Fasto ya ja da baya. Ya bi ta kan Yaya, ya ɗan tsaya, har ta riƙe numfashi. Ya wuce.

Ya tsaya a kan Auta.

"Fi… ta."

Sabuwar kalma ta farko tun ranar da ya faɗi. Kullum da safe takan zauna gefensa da madubi tana nuna masa yadda ake haɗa leɓe, tana cewa ce ruwa, Baba, ce shayi, ce Auta. Ta sha roƙon Allah ya ba ta ko guda ɗaya kafin ya ɗauke shi.

Ga shi an ba ta.

"Baba, ni ce."

"Fita."

Ta biyun ta fito sumul, da muryar aji.

Yaya ta ɗaga hannu sama, ba da hayaniya ba, kamar mai karɓar abin da ta daɗe da sanin zai zo.

"Allah mai iko. Ka gani, Fasto? Yanzu yana da ta yarda, yana da ta ƙi. Ba mai sake cewa ba shi da zaɓi." Ta juyo. "Kin ji mahaifinki. Wannan ba ta bukatar ƙamus."

"Ba a juya shi ɗaya gefen ba," in ji Auta. Ita kanta ba ta san me ya sa ta faɗi haka ba. "Ƙugunsa ya fara ja."

"Za a juya."

"Ba ki iya ba. Sai an ɗora hannun a ƙirji tukuna, in ba haka ba…"

Yatsan bai sauka ba. Idon bai bar ta ba. Ta san idon nan, ta sha ganin sa a kan ɗaliban da suka zo gida ba da haƙuri. Ba ta taɓa tsayawa a gabansa ba sai yau.

Ta fita.

Yaya ta tura ƙofar a bayanta, ba da ƙarfi ba, har sai da mariƙin ya ce ƙyat.

Auta ta tsaya a baranda da fo a hannu. Ba ta ajiye shi ba. Rana ta faɗo a kan igiyar shanya inda tsummokaransa ke lilo. Daga ciki ta ji an zuge jaka. Ta ji an buɗe gora, ruwa na zuba a kwano. Ta san kwanon da jin ƙararsa, wanda take jiƙa tawul ne a ciki idan za ta goge masa fuska.

"Sa masa rigar mana," muryar Yaya.

"Bari, Shugaba."

"Fasto, lokaci…"

"Na ce ki bari. Kuma ki kashe wayar nan."

Auta ta matsa ta jingina goshi da ƙofar. Ta ji an ja kujera. Da Fasto ya sake magana, muryarsa ta sauko ƙasa, kusa da gadon, ba muryar mumbari ba.

"Malam, ni ne. Wanda ka taɓa kora daga aji saboda na rubuta amsa ban nuna yadda na samo ta ba. Ka ce amsar da ba a san hanyarta ba sata ce, ko da daidai ce. Ban manta ba."

Ta ji ya gyara murya.

"Ba zan yi maka sata ba. Hujjar da kake nema ba ni da ita a jaka. Abin da nake da shi, na yarda akwai wanda ya san ka tun kafin bakinka ya buɗe, kuma yana jin ka yanzu da ya rufe. Iyakar abin da na sani ke nan. Idan ba ka so, kana da kalmar da za ka kore ni. Ka faɗe ta, in zubar da ruwan nan a tsakar gida in tafi, kuma ba wanda zai sake kawo shi ɗakin nan muddin ina raye."

"Fasto, ba haka ake…"

"Shugaba."



Auta ta runtse ido. Maganar da ya kamata ta fito daga bakinta ke nan a kan shayi, a waccan safiyar. Gajeriya ce ashe. Ko motar haya ba za ta wuce ta ba.

"Malam," in ji Fasto, "kana so?"

Auta ta ƙara danna goshi a ƙofar. Ba ta san me take roƙo ba. Idan ya ce fita, ta yi gaskiya, kuma ƙofar da ta bari ta rufe ta rufe ke nan. Idan gajeren ne, Yaya ta ci. Idan dogon ne, su biyun da ke ciki ba za su gane ba, za su zuba masa ruwa yana zaginsu, ita kuma an kore ta daga fassara.

Fanka na juyawa. Gadon ya yi ƙara, kamar mai gyara kwanciya.

Sai muryar ta ratso katako.

"To."

Auta ta ɗago goshinta daga ƙofar.

Duk to ɗin da ke bakin mutumin nan ta san shi kamar tafin hannunta. Na yunwa, na zafi, na fushi, na barci.

Wannan ba ta taɓa jin sa ba.